Ba ciwo ba ne, goyo take yi a baki

[Hoto: macen kifi rawaya ta laɓe a bayan dutse, baki a rufe]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan macen da kyau. Yau kwana 9 ke nan ba ta ci komai ba. Ana zuba abinci, sauran suna rububi, ita kuwa sai ta matso, ta duba, ta juya abinta. Kwanan nan saƙonni sun yi ta shigo mana da tambaya iri ɗaya: kifina ya daina ci, ƙasan bakinsa ya kumbura, wane magani zan zuba? Wasu ma sun riga sun zuba. Don Allah a dakata. Lafiyarta ƙalau. 'Ya'ya ne cike da bakin nan.

[Hoto: taswirar Tafkin Malawi, sai duwatsun ƙarƙashin ruwa]

Asalinta daga nan ne, Tafkin Malawi, wanda ƙasashen Malawi da Mozambik da Tanzaniya suka kewaye. Ɗaruruwan nau'o'in kifin siklid ne a ciki, kuma kusan dukkansu a baki suke renon ƙwai. Waɗanda ke zama a tsakanin duwatsu mutanen bakin tafkin suna ce musu mbuna. Wannan rawayar, sunanta a littafin masana Labidochromis caeruleus. Kada sunan ya ba ku tsoro, 'yar'uwar karfasa ce, dangi ɗaya suke. Duk wanda ya taɓa kiwon karfasa ya ga uwa ta tofar da ƙwai a cikin raga ya san abin da nake nufi.

Shirin gida ba shi da wuya, ga shi kuna gani. Akwatin gilashi mai cin lita 200, yashi a ƙasa, duwatsu a jibge da ramuka. Zafin ruwa tsakanin digiri 25 da 27, ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, wajen 8. Namiji 1, mata 3 ko 4, don kada ya takura wa guda ɗaya da kora. Kuma kada a haɗa nau'o'i masu kama da juna, sai su yi barbara a samu 'ya'yan da ba a san na wane ba.

[Hoto: namiji yana karkarwa a gaban mace, suna zagaye juna]

Ga shi nan yana rawar jiki, ango ya sha kwalliya. Za ta ajiye ƙwai kaɗan, ta juyo nan take ta kwashe da baki. A yawancin mbuna, namiji yana da ɗigo-ɗigo masu kama da ƙwai a fiffikensa na ƙasa, kusa da wutsiya. Ta kai baki wajen tana zaton ƙwai ne ya rage, shi kuma ya saki maniyyi, barbara ta auku a cikin bakin. Ikon Allah.

To daga nan ne ake samun ruɗani, don haka bari in tsaya sosai.

[Hoto na kusa: haɓar macen, ana nuna ta a hankali]

Ku kalli inda kumburin yake. A ƙarƙashin baki ne, kamar wadda ta cika kumatu da goro. Cikinta kuwa bai kumbura ba, kullum ma ƙara lafewa yake. Ku lura da bakin: tana motsa shi kamar mai tauna, amma ba ta buɗewa. Juya ƙwan take yi don ruwa mai iska ya ratsa su, kada su manne su yi funfuna. Abin da kaza ke yi da ƙafa da baki a kan kwanci, shi take yi a nan.

Mai ciwo daban take. Akwai cutar kumburin ciki da ke kama kifayen Malawi. Wannan cikin ne ke tasowa, kashinta ya zama fari kamar zare, numfashi ya yi sauri, ta ɗauki abinci ta furzar. Mai goyo ba ta ma ɗauka. Idonta garau, fiffikenta a miƙe, tana sane da duk abin da ke motsi. Bambancin ke nan: ɗaya haɓa, ɗaya ciki. In har yanzu kuna shakka, ku haska ƙaramar tocila daga gefe bayan mako 2, sau da yawa za ku hango baƙaƙen idanuwa ta fatar haɓar.

Tsawon goyon wajen mako 3 ne, wani lokaci ya kai 4 in ruwan ya yi sanyi. Masu kallonmu da hunturu ke kaɗawa a wajensu, a sa hita, a kuma riƙa duba ma'aunin zafi da asuba. Duk tsawon lokacin nan kusan ba ta cin komai, kuma jikinta zai iya ɗauka in dai tana da ƙoshi kafin ta fara. 'Ya'yan ma ba yunwa suke ji ba, kowanne yana rataye da jakar gwaiduwarsa, ita yake sha.

Abin da ke kashe su shi ne hannunmu. Wato irin su a bi ta da raga a rana ta 3, a kwashe duwatsu, a zuba magani, a canza ruwa gaba ɗaya. In ta firgita, ko ta tofar da ƙwan sauran kifaye su wawashe, ko ta haɗiye. Sai a ce ta cinye 'ya'yanta, alhali tsorata ta aka yi. Mai haihuwar fari ma takan haɗiye ko ba a taɓa ta ba. Kada ku fid da rai da ita, a karo na biyu ko na uku takan riƙe har ƙarshe.

[Hoto: ana shigar da ita cikin roba a ƙarƙashin ruwa]

In kuna son 'ya'yan su tsira da yawa, ku bari sai ta cika kwana 14 zuwa 16. Da dare, fitila a kashe, a lallaɓa ta cikin roba ba tare da an fitar da ita daga ruwa ba, a kai ta ƙaramin akwati mai lita 40. Ruwan ya zama na babban akwatin ne, da dutse ko tukunyar ƙasa da za ta laɓe, da matata ta soso wadda ba ta zuƙe ƙananan kifi. Shi ke nan, a ƙyale ta.

Na san kun ga masu buɗe bakin uwa da tsinke suna zazzage 'ya'yan. Masu kiwo don sayarwa suna yi, wajen kwana 18 zuwa 21. Ni dai ra'ayina, wanda ke da akwati ɗaya ko biyu a falo ba ya buƙatar haka. Ana iya ji mata ciwo a muƙamuƙi, kuma in aka yi da wuri, 'ya'yan ba su iya iyo ba, sai an sa su a na'urar da ke juya su dare da rana. A wurin da ake yawan ɗauke wuta, wannan caca ce da rayuka. Bakin uwa kuwa ba ya jiran lantarki.

[Hoto: uwa ta buɗe baki, 'ya'ya suna fitowa. A bar shi ya tafi ba magana]

Masha Allah. Ku ƙirga da kanku. Irin wannan takan kawo 10 zuwa 20, babba ta fi haka. Kun ga inuwar hannuna ta gifta, sun ruga sun koma baki? Za ta yi ta haka kwana 1 ko 2. Da ta daina karɓarsu, a raba su.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Abincin kifi na leda a murje shi ya zama gari, kaɗan-kaɗan, sau 3 ko 4 a rana. Wanda ya samu ƙwan artemiya, wasu 'yan ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci, ya ƙyanƙyashe a ruwan gishiri, cikin kwana 1 zuwa 2 suke fashewa, kuma yara suna saurin girma da shi. A zuƙe ragowar abinci da siririn tiyo, a canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan sau 2 a mako, da ruwan da aka cire wa kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo. A tanadi famfon iska mai batir.

[Hoto: uwar ita kaɗai, tana cin abinci]

Ita kuma uwar, kada a mayar da ita wajen namiji yau. Dubi yadda ta rame. A ba ta mako guda ita kaɗai tana ci, cikin ya ciko. Ranar mayarwa a ɗan sauya jerin duwatsun, a kashe fitila, sannan a sake ta.