Jawabin maraba ga shugaban kamfani da tawagarsa a ziyarar makarantarmu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu, shugaban kamfani, ranka ya daɗe. 'Yan tawagarsa, iyayenmu da suka baro sana'o'insu, 'yan uwana malamai, da ku ɗalibai da ke can baya kuna ta leƙe, kowa sannu da zuwa. Yallaɓai barka da sauka, ya hanya? Mun san irin hidimar da ke gabanku, da kun ga dama ai wakili za ku turo ya karanta takarda a ɗau hoto a watse, amma kuka tako da kanku. Dama zumunci a ƙafa yake, Allah ya saka da alheri.

Godiya ta farko kan ajujuwan da kamfaninku ya gyara mana. Wanda bai san su da ba ba zai gane ba, da zarar hadari ya haɗo sai ka ga yara sun fara jan benci zuwa lungu guda, malami ya rungume rajista yana neman inda ba ya yoyo, darasi kam ya ƙare kenan. Sai kuma yaran da kuke biya wa kuɗin jarrabawa, waɗanda a da lokacin rajista na matsowa sai su ɓace shiru, ba don ba su da ƙoƙari ba wallahi, wasunsu ma su ne na ɗaya a aji. A 2023 hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ce yara kusan miliyan 250 ne a duniya ba sa zuwa makaranta, to ga wasu nan zaune a gabanku da kuka hana su shiga wannan lissafi.

Amma tunda an miƙo min makirufo, ranka ya daɗe a yi min haƙuri in ɗan yi roƙo, kuma ba roƙon ƙarin gini ba ne. Andrew Carnegie, attajirin ƙarfen nan na Amurka, ya ba da kuɗin gina laburare sama da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, amma fa ba haka kawai yake bayarwa ba, sai gari ya kawo fili, ya kuma ɗau alkawarin duk shekara zai riƙa kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin wajen kula da wurin, in ba ku yarda ba to babu laburare. Haka Julius Rosenwald na kamfanin Sears, shi da Booker T. Washington, wani malami baƙar fata, suka faro aikin gina wa yaran baƙar fata makarantu a kudancin Amurka a 1912, kafin 1932 an gina kusan 5,000, kuma abin da talakawan nan suka tara da guminsu har ya ɗan zarce abin da asusun Rosenwald ya bayar. Wanda ya ɗauko yashi a kansa aka yi gini ai ba zai zuba ido yana gani ana cire tagogi ba.

Na san yanzu wasu ƙasashe ma doka suka mayar da abin, a Indiya tun 2014 manyan kamfanoni sai sun ware kashi 2 cikin 100 na ribarsu don ayyukan al'umma. Madalla. Sai dai ware kuɗi daban, ganin amfaninsu daban. Makarantu nawa ne aka kai wa kwamfutoci aka yanka ribon, bayan shekara ka je ka tarar an lulluɓe su da zani an garƙame ɗakin, saboda batirin sola ya mutu ko kuma malamin da ya iya su ya samu aiki ya tafi? Albashin malami da horar da shi da kuɗin gyara ba sa fitowa a hoto, ba inda za a manna tambarin kamfani a jikinsu, shi ya sa ake tsallake su, alhali su ne ke riƙe da sauran.

To roƙonmu kenan yallaɓai, duk abin da za ku ƙara, ku ware wani abu na kula da shi, mu kuma ku ɗaura mana sharaɗi. Kwamitin iyaye da malamai ya zauna ya amince zai ɗauki nasa kaso, wanda ba shi da kuɗi zai kawo ƙarfinsa. Littafin shige da fice a buɗe yake, ku turo mutum ya duba duk ranar da kuka so ba sai an sanar da mu ba, har ma mun fi son hakan.

Kar in cika ku da surutu. Yanzu shugabar ɗalibai za ta yi nata gajeren jawabin, daga nan mu zagaya ajujuwa, har da waɗanda ba a gyara ba, don ba mu ɓoye komai ba. Allah ya ƙara arziki, ya mayar da ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum.