Laccar da aka gabatar a taron matasa da dattawan ikilisiya a Katsina: Zama memba mai aiki

Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangiji. Baba Fasto na gode, dattawa na gode, iyayenmu mata sannunku da aiki tun asuba. Na baya kuna jina? A ɗan ƙara lasifikar. Yauwa.

Abu huɗu nake so mu duba, in lokaci ya bari. Na farko zuwa sujada. Wannan kowa ya sani, Ibraniyawa sura 10 aya 25 ta ce kada mu bar taruwa da juna, amma zuwa ran Lahadi ka zauna a benci a yi albarka ka kama hanya, wannan farkon abin ne kawai. Akwai addu'ar tsakiyar mako, akwai makarantar Lahadi da kullum ake roƙon malamai, mawaƙa ma neman mutane suke.

Na biyu shi ne ziyara, kuma nan zan daɗe, ku yi haƙuri da ni. Ku tuna yadda aikin nan ya shigo ƙasarmu. Lokacin Turawa ba a bar 'yan mishan su yi wa'azi cikin biranen sarakuna yadda suke so ba, ƙofar da aka buɗe masu ita ce jinyar kutare, shi ya sa 'yan mishan ɗin SIM, wato ƙungiyar Sudan Interior Mission, suka zauna a Babbar Ruga, nan hanyar Batsari, suna wanke gyambon mutanen da danginsu ma ke gudu. Wanke gyambo fa 'yan'uwa! Da hannu! To mu da muka gaji wannan, ta yaya tsohuwa za ta kwanta sati uku a Kofar Ƙaura ko Sabon Unguwa babu wanda ya leƙa, sai ran jana'iza mu cika gida da waƙa? Wannan yana ci mani rai ƙwarai. A Ayyukan Manzanni sura 6 rigimar farko da ta tashi a ikilisiya ba kan koyarwa ba ce, kan rabon abincin gwauraye ce, aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas, don kada a sake mance kowa. Sura 9 kuma ga Dokas a Yafa, ɗinki take yi, da ta rasu gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka masu. Ba ta taɓa hawa bagade ba sam.

Ku dubi Zumuntar Mata. Mama kina dariya, ai gaskiya ce. In an yi haihuwa su ne, in an yi rasuwa su ne da tukwane da itace, in an kwantar da wani a asibiti kafin dattawa su gama zaman kwamiti su sun kai kunu sun dawo. Maza ina muke? Matasa, kuna da babur, kuna da waya. Yanzu ga 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Kankara da Faskari, wasu suna raɓe gidan dangi a cikin gari, gona ta tafi, kunya ta hana su magana, wa zai gano su in ba wanda ya taka ya je ba? Kuma in ka je kada ka cika su da wa'azi, zauna ka saurara, ka tambaya an ci abinci, yara suna zuwa makaranta, sannan ku yi addu'a. Kwano ɗaya na gero ma ziyara ce.

Na uku... na ce na uku ko? Baiko da zakka, a bayar da zuciya ɗaya, ma'aji kuma ya riƙa karanta lissafi a fili don bakin mutane ya mutu. Sai karatu. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, Dakta Miller na Wusasa na cikin waɗanda suka yi wahalarsa, amma har yau akwai iyayenmu wajen Malumfashi da Kafur da ba su iya karanta shi, kai da ka yi boko ka ware yamma ɗaya ka koya wa mutum biyu. Na huɗun... to ga hannu can. Ɗiyata, bismilla.

(Tambaya: Baba, in maƙwabcinmu Musulmi ne ba shi da lafiya, mu je?)

Ki je mana! Maza ki je. Yawancinmu nan akwai kawu ko goggo Musulmi, gida ɗaya muka fito. Ki yi sallama, ki cire takalmi, in mai gida ne ki bar mijinki ko yayanki ya shiga wajensa ke ki shiga wajen matan. Kada ki je lokacin salla, in azumi ne ki bari sai an sha ruwa. Kada ki mai da gadon majinyaci wurin gardamar addini, ki ce Allah ya ƙara sauƙi, ki aje abin da kika riƙo, addu'arki ki yi ta a gida. Sakatare, a rubuta sunayen marasa lafiya kafin a watse, a raba unguwa unguwa, ni zan ɗauki Kofar Ƙaura.