Siminti Ba Bushewa Yake Yi Ba

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Kafin mu taɓa siminti, ku ɗebo gishiri kaɗan ku barbaɗa a kan baƙin ƙyalle. Yauwa. Ku matso da madubin ƙara girma. Kun gani? Kowace ƙwaya kamar ɗan akwati take, gefunanta a miƙe, kuma ba wanda ya sassaƙa ta. Ƙwayoyin zarra na sodiyam da kulorin ne suka jeru sahu-sahu, wannan na bin wancan, har siffar ta bayyana a waje. Duk abin da cikinsa ke da irin wannan jeri, shi ake kira kiristal. A 1913 wasu Turawan Ingila, uba da ɗa, William da Lawrence Bragg, suka haska gishiri da eksre suka gano tsarin jerin.

Ga kuma guntun dutsen giranait. Ɗigo-ɗigon nan, fari da ja-ja da baƙi mai ƙyalli, duk kiristal ne. Narkakken dutse ne ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa suka samu sukunin girma. Gilashi kuwa sanyi ya riske shi kafin ya daidaita sahu, don haka shi ba kiristal ba ne, duk ƙyallinsa.

To, siminti. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, har da wasu tsofaffin birkiloli: suna zaton bushewa ce ke sa shi ƙamewa. Dutsen farar ƙasa da yumɓu ake gasawa a zafin da ya kai kusan digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas, sannan a niƙa. Da garin ya sha ruwa, sai sababbin abubuwa su fara tsirowa a cikinsa: kiristal masu kama da allurai, da wasu masu kama da faranti, da wani mai kama da danƙo wanda jerinsa bai cika ba, amma shi ke ɗauke da yawancin ƙarfin. Su ne ke sarƙewa su riƙe yashi da tsakuwa gam.

Wato ruwan ba guduwa ake so ya yi ba, cinye shi ake yi. Kankare ma a cikin ruwa tsundum yana ƙamewa. In rana ta zuƙe ruwan da wuri, tsiron ya tsaya, sai ka murza bulo da yatsa ka ga yana zuba. Tsiron yana ɗaukar lokaci, shi ya sa galibi ƙarfin da kankare ya kai a kwana na 28 injiniyoyi ke ɗauka a matsayin ma'auni. Saboda haka in kun zuba dabe, ku lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, ku riƙa ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla mako guda.