Me ya sa in an naɗa sabon shugaban sojin sama sai manya su kwashe kayansu?

To jama'a, tun da aka sauya manyan hafsoshin tsaron Najeriya a watan Oktoba na 2025 kuke ta cika mana akwatin saƙo, wai an kori janar-janar, wai an yi wa 'yan wani yanki sharar gida, wani ma cewa ya yi ai duk wanda aka sallama laifi ya yi. A'a malam, tsaya. Bari mu bi rayuwar aikin mutum ɗaya, Iya Mashal Hassan Bala Abubakar, tsohon babban hafsan sojin sama, za ku ga inda gizo ke saƙar.

Ɗan Shanono ne a jihar Kano, haihuwar 1970. Ya shiga makarantar horas da hafsoshi ta NDA a Kaduna cikin kwas na 39, wato rukuni na 39 na ɗaliban da makarantar ta ɗauka, ya fito a watan Satumba na 1992 da ƙaramin muƙamin hafsa. Ku riƙe wannan lambar, 39, za mu dawo kanta. Sauran kuwa da gudu za mu wuce: koyon tuƙin jirgi, aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a Kongo, shugabantar rundunar jiragen fadar shugaban ƙasa a Abuja, sai rundunar da ke kula da kayan aiki a Ikeja, ana hawa tsani ɗaya bayan ɗaya har ya kai Iya Bayis Mashal, daidai da Manjo Janar ke nan a sojin ƙasa. Ranar 19 ga Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya naɗa shi babban hafsan sojin sama, daga baya aka ƙara masa girma zuwa Iya Mashal.

Yauwa, nan za mu zauna, ku gyara zama.

Wanda ya gada, Isiaka Oladayo Amao, ɗan kwas na 35 ne. Hassan Bala kuma 39. To ina 'yan 36 da 37 da 38? Suna nan cikin kaki, wasunsu muƙaminsu ɗaya da shi, kuma sun riga shi shiga NDA, lokacin da ya zo da akwatinsa da askin ƙwal su ne manyan da ke sa irinsu tsallen kwaɗo a fili. A soja wanda ya riga ka kwas ya riga ka har abada, ko da ka girme shi a shekaru, ko da garinku ɗaya, kai za ka sara masa ka ce masa oga. Yanzu da safe an wayi gari ƙaramin ya zama shugaban rundunar baki ɗaya. Wa zai sara wa wa? In ya shigo ɗakin taro, wanda ya horar da shi ne zai miƙe tsaye ya ƙame? A masarauta in aka naɗa ƙane, yaya zai zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa a wuce wurin, amma soja ba su yarda da wannan ba, su a wurinsu umarni daga sama yake gangarowa kuma ba a son ranar da shugaba zai ji nauyin ba wani umarni don tsohon ogansa ne.

Shi ya sa bayan naɗin 2023 hedikwatar tsaro ta fitar da takarda cewa duk hafsan da ya girmi kwas na 39 ya rubuta takardar ajiye aiki. Da hannunsa zai rubuta, ritaya ce, da haƙƙoƙinsa da fanshonsa da faretin ban kwana, ba kora ba. Jaridu a lokacin sun ce abin zai shafi manyan hafsoshi kusan 100 a ƙasa da ruwa da sama. 'Yan kwas ɗaya da sabon shugaba kuwa, akan tura wasu hedikwatar tsaro ko makarantun soja don kada su zauna a ƙarƙashinsa kai tsaye.

Nan kuma bari in faɗi ra'ayina. Wallahi asara ce. Matuƙin jirgin da ƙasa ta kashe maƙudan kuɗi ta tura shi kwas gida da waje, yana ɗan shekara 50 da 'yan kai, lafiyarsa lau, a ce ya koma gida noman rani don kawai shugaban ƙasa ya tsallake layi. Amma fa ɗaya ɓangaren ma ba daɗi. Sadique Abubakar na Azare ya riƙe wannan kujera daga Yuli 2015 har Janairu 2021 a zamanin Buhari, shekara 5 da rabi, su kuma na bayansa agogonsu bai tsaya ba, masu cika shekara 35 na aiki suna cikawa suna tafiya ba tare da sun ko shinshini kujerar ba.

Shi kansa Hassan Bala, shekara 2 da wata 4 ya yi. Ranar 24 ga Oktoba 2025 aka sanar da Sunday Aneke a madadinsa, ɗan kwas na 40. Kun ga wannan karon taki ɗaya aka matsa, ba huɗu ba. Don haka in an sake sauyi, kafin ku tambayi jihar sabon shugaba ku nemi lambar kwas ɗinsa, ku cire ta wanda ya sauka, daga nan za ku iya ƙiyasta yawan motocin kwasar kaya da za su fita daga bariki.