Sharhi: Taiwan da gas ɗin kwana 11

Jama'a masu saurare barkanmu da warhaka. Yau sharhin namu kan Taiwan ne, tsibirin nan da Chaina ke cewa nata ne tun 1949, su kuma mutanen can suna gudanar da mulkinsu da kansu.

A 2025 wasu sanatocin Amurka biyu, Pete Ricketts na jam'iyyar Republican da Chris Coons na Democrat, suka kawo kudirin doka don kare makamashin Taiwan idan har Chaina ta toshe mata hanyar teku. Dalili kuwa a fili yake, sama da kashi 95 cikin ɗari na makamashin tsibirin daga waje ake shigo da shi, gas ɗin ma a jirgin ruwa yake zuwa, yawanci daga Katar da Ostireliya, kuma abin da suke iya ajiyewa bai wuce na kwana 11 ba. Kwana 11 fa jama'a! Ga shi a can ne kamfanin TSMC yake ƙera 'yan ƙananan na'urorin da ke cikin wayoyin da muke riƙe da su.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina a kudirin nan shi ne maganar inshora. Ai ba sai an harba ko harsashi ɗaya ba, ya isa Chaina ta ce tana atisayen soja a kewayen tsibirin kawai kamar yadda ta yi a Agustan 2022, kamfanonin inshora su tsorata su janye, to wane mai jirgi ne zai tura dukiyarsa da ma'aikatansa cikin wannan ruwa? Shi ya sa kudirin ke son gwamnatin Amurka ta tsaya wa jiragen da kanta. Akwai kuma batun sayar wa Taiwan gas ɗin Amurka, wannan kam kasuwa ce, kowa ya sani.

'Yan'uwanmu na Nijar sun san zafin dogaro da makamashin waje, a Agustan 2023 da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulki talaka ne ya kwana cikin duhu da zafi, asibitoci suka koma janareta.

Kuma wallahi abin da ke damuna, Taiwan da hannunta ta rufe tashar nukiliyarta ta ƙarshe, Maanshan, a Mayun 2025, aka yi ƙuri'ar raba gardama a Agusta don sake buɗe ta, masu cewa eh suka fi yawa amma ba su kai adadin da doka ta gindaya ba.