Mutumin Da Ke Bayan Kanta: Aikin Ma'aikacin Ɗakin Magani A Ƙaramin Gari

Ku dubi kwalaben nan biyu. Duk farasitamol ne na ruwa, na yara, har kwalayensu sun yi kama. To, ku matso kusa. A jikin wannan an rubuta miligiram 120 cikin mililita 5, ɗayar kuwa miligiram 250 cikin mililita 5 ɗin. Yaro mai nauyin kilo 10, wajen miligiram 150 ake ba shi a sha ɗaya, wato mililita 6 da ɗan ɗoriya daga kwalba ta farko, mililita 3 kacal daga ta biyu. In uwa ta saba da ta farkon, aka miƙa mata ta biyu ba bayani, sai ta ninka wa ɗanta magani ba ta sani ba. Shi kuwa farasitamol in ya yi yawa, hanta yake taɓawa.

Lura da irin wannan shi ne aikin ma'aikacin ɗakin magani. Likita ya rubuta, mai harhaɗa magunguna ya duba ko maganin ya dace da mara lafiya, shi kuma ma'aikacin a ƙarƙashin mai harhaɗa magungunan yake aiki: ya ƙirga, ya zuba, ya rubuta yadda za a sha, ya riƙe lissafin kaya. A ƙaramin gari sau da yawa mai harhaɗa magungunan ɗaya ne tak, don haka fuskar wannan ma'aikaci mutane suka fi sani.

Da safe, kafin ya buɗe taga, firiji yake fara leƙawa. Insulin, allurar masu ciwon suga, da yawancin alluran rigakafi suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Insulin in ya daskare ya tashi aiki, ko da ya narke daga baya. Sai kantoci: wanda wa'adinsa ya fi kusa a jawo shi gaba. Su kodin da mofin kuwa, magungunan kashe zafin ciwo masu ƙarfi, a kulle suke, da littafinsu daban, kuma dole abin da ke cikin akwati ya yi daidai da abin da ke rubuce, ƙwaya ɗaya ba ta ɓata. Motar kaya ba kullum take zuwa ba, shi ya sa yake riƙe da masu hawan jini da masu ciwon suga a ka, ya san wanda nasa ya kusa ƙarewa.

Takardar likita ma wani karatu ne. Ɗigo ɗaya in ya dushe, 1.0 ya koma 10. A nan ba a cinta. A ɗauki waya a tambaya, ko da layi ya yi tsawo ana ta tsaki.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne, garin kowa ya san kowa. Maƙwabciya za ta jingina da kanta, ta yi ƙasa da murya: “Wai me wance ta zo karɓa ɗazu?” Amsar ɗaya ce, murmushi da “Yaya, me zan kawo miki?” Ranar da maganar mutum ɗaya ta fita daga bakinsa, wasu goma za su gwammace su zauna da cutarsu a gida.

Wanda ya fi wannan wuya, kawunka ne zai zo da mura, ya ce, “Ɗana, ba ni amokzisilin guda huɗu.” Mura ƙwayar bairos ke kawo ta, maganin nan kuwa na kashe ƙwayoyin bakteriya ne, ba ya yi mata komai. Kuma shan sa guntu-guntu shi ke sa ƙwayoyin cuta su saba da shi har su daina jin sa. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ɗan'uwan maganin nan, a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun a 1945 lokacin da ya karɓi kyautar Nobel. Sai dai faɗa wa kawu “a'a” a gaban mutane, ba a koyar da shi a aji.

Sanin mutanen nan kuma yana da ranarsa. Dattijo ya zo neman asfirin saboda ciwon gwiwa, ma'aikacin ya tuna yana shan wafarin, maganin hana jini daskarewa. Haɗa su biyun kan jawo zubar jini. Nan take ya dakata, ya kira mai harhaɗa magunguna.

Da aka sauya masa wani, bai miƙa kawai ba. Baba ba ya karatu, sai ya zana rana a jikin ambulan, ya zana wata, ya ɗiga ɗigo ɗaya ƙarƙashin kowanne.

“Baba, faɗa min yadda za ka sha.”

“Ɗaya da safe, ɗaya da dare.”

“Yauwa. Allah ya ƙara sauƙi.”