"Gama" a Bakin Sakkwatawa

In Bakano ya ce "na gama", aiki ya ƙare ke nan. Amma ka shiga Babbar Kasuwar Sakkwato ka tsaya wurin baduku. Zai ɗora jar fatar akuya kan wata, ya daidaita bakinsu, ya soka basilla, ya ce wa yaronsa, "Riƙe nan in gama su." Ai bai ma fara ɗinkin ba. Haɗawa yake nufi.

A Sakkwato, Kabi da Zamfara, "gama" ita ce haɗa abu da abu. In aiki ya kai ƙarshe, "na ƙare" ake cewa. Shi ya sa tsohuwa za ta sallami jikanta da "Allah shi gama ka da alheri", ba wanda zai ji wani iri.

Kada wani ya ɗauka karin harshe ne ya karkatar da kalmar. Dubi 'ya'yan da ta haifa, waɗanda Hausawa ko'ina ke amfani da su. Mutum biyu sun gamu a hanya. Ƙungiyoyi sun yi gamayya. Maƙeri ya narka ƙarfe biyu ya yi gami. Wanda ya yi karo da iskoki, an ce ya yi gamo. Inda gulbin Rima ya sadu da gulbin Sakkwato, kusa da birni, magama ce. Har "game da" da 'yan jarida ke faɗa kullum, daga nan ta fito. Duk cikinsu babu mai ma'anar ƙarewa, kuma wannan ne ya sa nake ganin Sakkwatawa tsohuwar ma'anar suka riƙe.

To ina "ƙarewa" ta shigo? A ganina daga aikin hannu ne. Maɗinki ya gama hannun riga da jikinta, me ya rage? Riga ta kammalu.

Wasu kan jingina ta da Larabci saboda ta yi kama da tushen da ya ba mu jama'a, Juma'a, jam'iyya da jami'a. Waɗannan aro ne, kuma da "j" suka shigo bakinmu. "Gama" kuwa tana juyawa yadda aikatau na gida ke juyawa: gama, game, gamu, gamo. Ita ma "haɗa" haka take: haɗa, haɗe, haɗu, haɗo.

Sai dai a kula, ba kowane gami ne na alheri ba. Mai ɗaukar magana daga wannan gida ya kai wancan har 'yan'uwa su yi faɗa, shi ma gami aka ce ya yi.